Geron da Inna ta hana mu ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Uwar mijina, wadda kowa a gidan ke ce ma Inna, ta rasu a bazarar nan, ana tsakiyar zafi, hadari ko alamarsa babu. Na zauna in rubuta abin da na sani nata ne saboda ƙananan ɗiyana. Manyan sun sha faɗanta, ba za su manta ba. Ƙananan kuwa, in ban faɗa masu ba, abin da za su tsinta a bakin mutane shi ne kakarsu marowaciya ce, kuma ba haka ba ne.

Ranar da aka kai ta, gidan hayar da muke ciki a Dutsin-Ma bai ɗauki mutane ba. Ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida. Mata sun zo daga Kurfi, wasu daga Dabawa, ga kuma mutanen ƙauyenmu na bayan Wurma, waɗanda suka watsu cikin gari kamar yadda muka watsu. Maza na waje bisa tabarmi, suna bin inuwar katanga. Da azahar ta yi, mata suka jeru suna alwala a tsakiyar gida, ruwa na gudu yana fita ta rariya. Sai maƙwabciyarmu ta miƙe ta ce, "Haba bayin Allah, ku matsa gindin zogale mana! Kun san mai gidan ba ta son ruwa shi tahi banza." Da ƙarfi ta faɗa, yadda ta saba. Sai da maganar ta fita sannan ta tuna inda mai gidan take. Nan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Wasu suka yi dariya, dariyar ta juye kuka, kuma duk suka kwashi butocinsu suka koma gindin zogalen.

Ni kunnena ba ya barin magana ta wuce. Ina raba ruwan sha ina ji. Wata na cewa, "Wallahi ita ta koya mani shanya kuɓewa da damina, ba don ita ba da har yau ina sayen ta ƙulli-ƙulli." Wata dattijuwa ta ce, "Tun muna 'yan mata haka take. In an ba mu goro, namu ba ya kai la'asar, nata kuwa sai a gan shi jibi cikin ɗan jiƙaƙƙen tsumma." Can bakin ƙofa wasu biyu suka sassauta murya.

"Allah shi jiƙanta, amma hannun nan a dunƙule yake."

"Ke dai bari. To ga shi ta tahi ta bari."

Na ji su sarai. Na miƙa masu ruwa na wuce.

Washegari da hantsi Gwaggo ta kira ni. Gwaggo ƙanwar marigayi uban mijina ce, ita ce babba a matan dangi yanzu, ta zo daga Kurfi da ƙullin kayanta. Ita ma, kamar Inna, har yau Amarya take ce mani, ga ni da ɗiya budurwa.

"Amarya, gobe uku. Ina geron gumba?"

A wajenmu, ranar uku ana daka gumba a raba ma waɗanda suka zo addu'a, sadaka ce ga mamaci. Na ce, "Gwaggo, babu." Gaskiya na faɗa mata. Jinya ta tafi da 'yar akuya ɗaya da muka samu a nan gari, abin da 'yan gaisuwa suka kawo kuma ya shiga tukunyar baƙi tun jiya. Tsadar gero a bazara ba sai na faɗa maku ba.

"Babu? To wancan tulun na bayan ƙofarta, mai baki liƙe da laka, yashi ne a ciki?"

"Iri ne, Gwaggo."

"Iri ba gero ba ne?"

Na sunkuyar da kai. Irin geron gidanmu ne, mai dogon kai, wanda ake shukawa a gonar gidan tun ba a haifi mijina ba. Shi kaɗai ya rage mana na ƙauye. In aka surfa shi ya mutu, ko an samu hanyar komawa gona ba mu da abin da za mu sa a ƙasa. Gwaggo ta ce a bari Yaya Babba, wan mijina, ya shigo da la'asar, shi zai yanke magana. Na koma bakin murhu, hannuna na aiki, zuciyata na wajen mai tulun.

Na zo gidansu aure ne, can ƙauye, daga gidan da ake dafawa a ƙoshi a watsa ma kaji saura. Ranar da aka fara ba ni girki, Inna ta auno mani dawa, na ɗauka zan nufi turmi, ta ce, "Tsaya." Ta sa hannu ta ɗebi cikin tafi ɗaya, ta zuba a wata tsohuwar tukunya da ke kusurwar ɗakinta.

Na ce, "Inna, wannan na wane ne?"

"Na ranar da ba ki sani ba."

"Ai ba zai isa ba."

"Je ki daka ki gani. Ciki bai san an ɗebe ba, ido ne mai ƙorafi."

Na daka, na tuƙa, kowa ya ci ya sha ruwa, ba wanda ya ce uffan. Kullum haka, safe da yamma. Da marka ta yi, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, gidaje na kwana da rama da tafasa, sai ta jawo tukunyar nan. Mu dai ba mu taɓa kwana ba tuwo ba a ƙauye.

Komai nata da hanyarsa. Guntun sabulu ba a yar da shi, a manna shi a bayan sabo. Ashana kuwa sai ta yi wata da watanni a gidan, don da an gama girki za ta binne garwashi cikin toka, da safe a tono a hura. Ƙanzo a jiƙa shi a ba yara, ruwan wankin hatsi da dusa na awaki ne. Da damina rufin ɗakinta ba ya rabuwa da shanya, kuɓewa, yakuwa, zogale, tumatir in ya yi arha. Mata kan shigo hira su fita da karatu. Takan ce masu, "Kar ki aika kasuwa kina jin yunwa, ci wani abu tukuna." Takan ce, "Abin da za ki ci da bazara, da kaka ake sayensa." Mai da gishiri ba ta yarda a saya ƙulli-ƙulli ba, ta ce mai ƙullin da ledarsa ke kike ciyar da su, gara mata uku su haɗu su sayi kwalba su raba. In mace ta ɗauki adashe ta zo tana murna, sai ta ce, "Kar ki kwana da su. Gobe ki maida su akuya."

"Don mi, Inna?"

"Akuya ba ta shiga aljihun maigida."

Sai a kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi.

Faɗanta da Yaya Babba har yau ana labarinsa. Wata kaka aka samu albarka, ya ce zai sayar da kasonsa na gero ya sayi babur. Da masu awo suka zo da buhunansu, sai suka iske Inna zaune a ƙofar rumbu tana sakin zare.

Ya ce, "Inna, ki ɗan matsa."

"Ina jin daɗin inuwar nan."

"Mutane na jira."

"Su jira zuwa bazara, su ba ka ninki. Yanzu kowa na sayarwa, kyauta za ka ba su. Kai da ka yi noman ka sha rana, su da ba su taɓa riƙe fartanya ba su za su ci ribar."

"Gerona ne ko naki?"

Ta dube shi, ta naɗe zarenta, ta tashi. "Naka ne. Babur ɗin in an dafa a sammani."

Ya sayar. Kafin ruwa ya sauka yana sayen tiya a hannun mutanen nan da ya sayar mawa, da kuɗin da ya fi ninki. Girman kai ya hana shi zuwa wajenta. Ita ma ba ta kira shi ba. Sai dai duk bayan kwana biyu ta auna gero a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce mani, "Kai ma matar yayanku ta bayan gida. In ta tambaya, ki ce ke kika ba ta." Haka na yi ta kaiwa har sabo ya shigo. Ba ta taɓa tada mashi maganar ba. Masu cewa hannunta a dunƙule yake, ba su taɓa bin bayan gida ba ne.

Iri kuwa shi ne abin da ba ta haɗa shi da komai ba. In gero ya nuna, kafin maza su shiga girbi, ita ke fara shiga gona da wuƙarta da kwando. Ta bi kunya-kunya tana duban zangarniya, ta murza, ta shinshina, mai cika da tsawo kawai take yankewa. Ta shanya daban, ta sussuke da hannunta, ta cakuɗa da toka mai laushi don ƙwari, ta ɗura a tulu ta liƙe bakin da laka. Wata shekara mijina ya zo da hodar da ake sa ma iri, mai ja, ya ce ta fi toka. Ta tambayi kuɗinta, ya faɗa. Ta ce, "Gishirin wata guda ke nan. Toka kuwa kyauta murhu ke ba ni. Maida masu." Ya maida.

Ranar da ɓarayin daji suka shigo mana ba zan ba da labarinta ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah ya sa kar ya gani. Mun tsira da rai. Da muka dawo ɗaukar abin da ya rage, rumbuna sun zama toka, turken awaki ba ko ɗaya, tukunyar nan ta kusurwa an fasa ta. Duk ɗibar da ta yi, duk garwashin da ta binne, duk akuyar da ta hana a sayar, sun tafi a safiya ɗaya. Na zaci za ta yi kuka. Ta dai tsaya tana kallo, sannan ta shiga ɗaki ta fito da tulun iri, wanda Allah ya rufe idonsu ba su gani ba. Kowa ya ɗauki abin da yake ganin zai amfane shi, wani katifa, wani tukwane. Ita ta yi gammo ta aza tulu. Matasa suka ce ta kawo su ɗaukar mata, ta ce, "Ku da kuke tafiya kuna waige?" Da kanta ta kai shi bakin titi.

A Dutsin-Ma ne na ga Inna ta tsufa. Nan komai saye ne, har ruwa, har itace, har ƙasar da za ka zauna a kai. Mijina ya koma ƙwadago a gonakin rani na Zobe, ranar da aka ɗauke shi mu ci, ranar da ba a ɗauke shi ba mu yi haƙuri. Ni kuma ina toya ƙosai daga cikin gida. Abin da ya shigo da yamma shi ne na tukunyar dare. Duk karatun da ta koya mani sai ya tsaya. A sayi na bazara da kaka, da wane kuɗin? A haɗu a sayi kwalba, wa ke da kason da zai sa? Ni da kaina na koma aika sayen mai ƙulli-ƙulli, tana zaune tana gani. Rannan na auno gari zan tuƙa, ta miƙo hannu yadda ta saba, ta dubi abin da ke cikin kwanon, ta dubi yaran, ta janye hannunta. Daga ranar ba ta ƙara ɗiba ba. Ta koya mani tattalin kaɗan, ta koya mani tattalin da yawa, amma tattalin babu ita ma ba ta san shi ba.

Tulun kawai ta riƙe. Ta ce iri in ya daɗe a rufe ƙarfinsa mutuwa yake. Akwai wani kango kusa da mu da mai shi bai gina ba, ta je da kanta ta roƙe shi, duk damina ta shuka 'yan kunyoyi a ciki. Ta wuni can da sanda tana korar awakin unguwa da tsuntsaye. Abin da ta girba ta zaɓe, ta sabunta na tulu. Ko kunu ba a taɓa damawa da shi ba. Mata na tsokanarta, "Inna, gonar taki ta kai a kira 'yan gayya?" Ta ce, "Ku yi dariya. Ranar komawa duk nan za ku zo da ƙoƙunanku."

Bara ne muka yi faɗa da ita, faɗan da ban taɓa yi da babba ba. Mijina ya kwanta zazzaɓi, jarin ƙosai ya tafi a magani, muka wayi gari ba abin ɗorawa. Autana na bina yana jan zane. Na shiga ɗakinta na durƙusa.

"Inna, ko tiya ɗaya. In an samu a maida."

"Da mi za a maida? Da na kasuwa, wanda ba a san ubansa ba?"

"Yara na kuka."

"Na ji su. Ba kurma ba ce ni."

"To ki buɗe mana."

"Amarya, in muka ci wannan mun zama 'yan gari ke nan har abada. Ɗiyanki su tashi ba su da inda za su ce nasu."

Raina ya ɓaci, na ce, "Sai suna da rai za su ce nasu!" Na fito na bar ta. Na yi kwanaki iyakata da ita gaisuwa.

Ranar dai ba mu kwana haka ba. Ta fita da yamma da zanen da take sawa ranar Juma'a a naɗe, ta dawo ba shi, ta dawo da garin masara a leda. Daga nan kuma sai azuminta ya yi yawa. Da Litinin da Alhamis take yi, sai ga shi Talata ma azumi, Asabar ma azumi. In na kai mata kwano ta ce, "Na ɗauki niyya, ba yaran." In an sha ruwa ta taɓa kaɗan ta ce tsufa ya rage mata ciki. Na ɗauka ibada ce ta ƙara. Sai da na ga wuyan hannunta rannan tana alwala sannan na gane, na shiga bayan ɗaki na yi kukana. Na roƙe ta, ta ce, "Ke da Allah za ki shiga tsakani?" Ciwon da ya kwantar da ita bana bai iske komai a jikinta da zai yi kokawa da shi ba.

La'asar ta yi, Yaya Babba ya shigo. Ya zauna bisa kifaffen turmi, mijina na tsaye jikin bango, Gwaggo bisa tabarma. Ni ina daga bakin ɗaki. Gwaggo ta maida mashi yadda muka yi. Ya ce, "To a fasa tulun mana."

Ban saba magana gabansa ba, amma na ce, "Yaya, a yi haƙuri. Iri ne."

"Iri na wace gona? Wadda ciyawa ta fi ni tsawo? Wa zai je? Ke, ko shi za ki tura ki dawo ki yi takaba?"

"Ana cewa hanya ta fara lafawa."

"Bara ma an ce. Waɗanda suka gwada, je ki tambayi matansu."

Mijina ya gyara murya. "Yaya, ai wasu malaman ma sun ce sadakar ukun nan ba dole ba ce. Addu'a ta isa."

Gwaggo ta juyo kansa. "Malaman naka su suka haife ka? Mu haka muka yi ma ubanka, haka aka yi ma namu uban. Matar da rabin ƙauye ya ci daga hannunta, a zo mata addu'a a tashi baki a bushe? Tana raye suna ce mata marowaciya, so kuke ku tabbatar masu tana cikin kabari?"

Wannan ta shige ni, don na ji da kunnena jiya. Amma na daure na ce, "Gwaggo, to a ɗauki kaskon ƙosaina a sayar, a auno na kasuwa."

"Ki sayar da kasko, jibi ku ci mi? Ita mai tulun da tana nan za ta bar ki?"

Ba za ta bar ni ba, na sani.

Yaya Babba ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Amarya, ni ne babba. Ta yi jinya ban iya sayen allura ɗaya ba. Likkafani maƙwabta suka haɗa. Tun da aka haife ni ita ke ba ni, har ta bayan gida, kin ɗauka ban sani ba? Ban taɓa yi mata komai ba. Ku bar ni a ce ranar ukunta an ci wani abu a gidan ɗiyanta."

Na so in ce mashi wannan ma nata ne, ba nashi ba. Bakina bai iya ba. Mutum ne babba yana kuka gaban matar ƙanensa. Mijina ya juya fuska bango. Magana ta ƙare a nan.

Da sassafe Gwaggo ta sa aka fito da tulun tsakar gida, ta fasa lakar da bakin wuƙa. Geron ya zubo cikin faifai fari fat da toka, ƙwaya manya-manya, ko ɗaya ƙwaro bai taɓa ba. Gwaggo ta ɗiba ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, toka ce. Da irin hodar nan ce ta kasuwa ai da ba ya ciwuwa." Na tuna ranar da Inna ta sa aka maida hodar don gishirin wata guda. Da ta yarda an saya, da yau ba mai iya kai shi baki.

Na ƙudura a raina zan ware ko ɗan kaɗan in ɓoye. Sai Gwaggo ta ce turmi ɗaya ba zai yi ba, rana na yi, in je maƙwabta in aro wani. Na je, na iske ana amfani da shi, na ɗan jira. Kafin in dawo 'yan matan da suka zo tare da ita daga Kurfi sun bakace, sun yayyafa ruwa, sun zuba rabi a turmi suna ta surfe, rabin kuma sun riga sun surfe yana cikin ƙwarya. Yara ne masu zafin nama, so suke a yaba masu. Ba su san komai ba. Abin da ya zube ƙasa kajin maƙwabta na kai. Na ajiye turmin da na aro, wata ta miƙo mani taɓarya, na karɓa. Har da ni aka daka.

Gumba ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Aka sa citta da kanumfari da ɗan sukarin da wata ta kawo, aka cura, aka fitar ma maza a faranti, mata ma aka raba masu. Aka yi addu'a aka shafa. Ina jin masu cewa, "Kai, ɗiyan nan sun kyauta." Gwaggo ta samu abin da take so, Yaya Babba ya ɗan ɗaga kai cikin mutane.

Jama'a sun fara watsewa, ina bayan ƙofar gida ina tattara kwanoni, sai na ji wani dattijo ya ja mijina gefe. Na gane muryar. Maƙwabcin gonarmu ne a ƙauye, iyakarmu ɗaya, yanzu yana zaune wajen ɗansa a Zobe. Na leƙa ta jikin ƙyaure, ga shi da ragowar gumba a hannu, fuskarsa a sake kamar ba gidan mutuwa ya zo ba.

"Ɗana, geron gida ne wannan. Ina sa shi a baki na gane shi. Ashe kuna da shi har kuna dakawa! To alhamdu lillahi." Ya matso kusa. "Ba lokacin maganar ba ne, ka yi haƙuri, amma ruwa ya kusa. Mu 'yan kaɗan mun yi shawara, bana za mu gwada gonakin bakin hanya, mu je da safe mu dawo kafin la'asar. Mun gaji da zaman nan. To duk wanda aka tambaya ya cinye nashi. Na kasuwa kuma ka san ba ya son ƙasarmu. Kowa cewa yake, ku kwantar da hankalinku, iri na wajen Inna. Ni aka wakilta. Ko kwano ɗaya ne a taimaka mana, mu rarraba, da kaka mu maido maku har da ƙari."

Mijina ya dubi gumbar da ke hannun dattijon.

"Ko rabin kwano ne, ɗana."

"Baba, shi ne wannan."

"Wanne?"

"Na hannunka."

Dattijon ya dubi hannunsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya kasa kai ragowar baki, ya kasa ajiyewa. Can ya ce, "To. Allah shi kai ladan kabarinta." Ya nemi takalmansa ya sa, ya bi jikin katanga a hankali, hannun nan a buɗe gabansa, har ya sha kwana. Ina ta tunanin mutanen da ke can suna jiran ya dawo masu da amsa.

Allah ka jiƙan Inna, ka yafe mata, ka haskaka makwancinta, ka ƙosar da ita. Mu kuma da muka rage, ban ma san abin da zan roƙa mana ba. Ka dube mu dai.